Abincin Rana a Ruwaiha

Fikri Bayyumi ya zo Oman da niyyar yin shekara biyu, ya yi ashirin da shida. Babu wanda ya ga abin mamaki a ciki, domin kusan duk Misirawan da ke Maskat shekara biyu suka zo yi, wasu ma har an binne su ba su cika biyun ba. Shi mutumin Damanhur ne da ke Masar, injiniyan ruwa. Wani kamfani ne ya ɗauko shi don ya riƙa zagaya ƙauyukan bayan duwatsu yana auna ruwan rijiyoyi da magudanai, a san ko ƙaruwa yake ko raguwa. Raguwa yake. Kowane wata Fikri yakan rubuta hakan da kyakkyawan rubutunsa, ya kai ofis, a yi masa godiya a sa a kabad.

Ɗakinsa yana unguwar Ruwi a Maskat, saman shagon wani tela. Bai taɓa sayen labule ba, tunda mai shekara biyu ba ya sayen labule. Jarida yake mannawa a taga, idan rana ta cinye ta ya sake wata. Matarsa Ni'imat tana can Damanhur da yara biyu, waɗanda suka girma a waya, suka kuma yi aure a watan Yuli saboda shi ne watan hutunsa. Duk shekara yakan tafi da akwati uku ya dawo da ɗaya, cike da busasshen lalo da cuku mai gishiri. Kwana huɗu a mako yana kan hanya cikin a-kori-kurar kamfani, da igiyar awo da littafi da jarkar ruwa. Daga Nizwa zuwa Ibri babu gidan abincin Indiyawan da bai san teburin da fanka ke bugawa ba, har ya iya cewa a rage sukari da harshen mutanen Kerala. Idan ya je hutu aka tambaye shi yaya mutanen Oman suke, yakan ce mutanen kirki ne masu sanyin hali. Gaskiya yake faɗa, sai dai baƙon da ya kwana biyu a ƙasar ma zai iya faɗin haka.

Da ya cika sittin aka kira shi ofis, aka ba shi shayi, aka sanar da shi cewa ba za a sabunta takardar zamansa ba. Saura mako biyar. Abokinsa Ustaz Gamil, malamin lissafi, ya ɗauki nauyin shirya liyafar bankwana kamar yadda ya saba, don shi ke shirya wa kowa, shi kuwa ba ya tafiya. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, suna zaune a shagon shayin da Misirawa ke taruwa, Gamil ya ciro takarda ya ce a ba shi sunayen 'yan ƙasa da za a gayyata, a samu farar riga ko biyu a hoto. Fikri ya ambaci manajan ofis. Ya ambaci mai gidan da yake haya, wanda sau biyu ya taɓa gani.

"Ba waɗannan ba, Injiniya. Naka nake nufi. Wanda ka taɓa zama ka ci abincin gidansa."

Fikri ya hau juya cokali a kofi.

"Shekara ashirin da shida? Ai kyanwar Ruwi ta fi ka shiga gidaje."

Aka yi dariya. Da aka bi teburin ɗaya bayan ɗaya sai aka tarar Gamil kansa biki ɗaya ya taɓa zuwa, shi ma a ɗakin taron otal, don haka aka koma zancen ƙwallo. Fikri bai koma tare da su ba. Akwai gida ɗaya a ƙasar da ya kamata a ce ya ci abinci a cikinsa, kuma tafiya ɗaya ce ta rage masa zuwa can.

Gidan Khalfan bin Saif ne, wakilin ruwa na Ruwaiha, ƙauye mai gida arba'in a ƙarshen wani kwari. Shi ke raba sa'o'in falaj ɗin garin, magudanar da ke fitowa daga cikin dutse ta ratsa gonakin dabino: wane daga hantsi zuwa azahar, wane daga azahar zuwa la'asar. Siririn mutum ne, maganarsa ƙasa-ƙasa, ya girmi Fikri da shekara goma sha shida, shi ya sa Fikri ke ce masa Baffa. Ma'aunin kamfani yana bakin falaj, taku talatin daga zaurensa, kuma ba yadda za a yi baƙo ya duba ma'auni ya wuce bai shiga zauren ba. Kusan sau ɗari uku Fikri ya tuɓe takalmi a ƙofar nan. A kawo dabino, a zuba gahawa a finjali, a tambayi labari, ya ce babu labari sai alheri, sannan a fara labari. A nan ya fara faɗin sakamakon jarrabawar ɗansa Tamir kafin ya gaya wa Misirawan Ruwi. Shekarar da mahaifiyarsa ta rasu bai samu jirgi a kan lokaci ba, ya zo zagayensa kamar kullum da jajayen idanu. Khalfan bai ce masa ya yi haƙuri ba. Aikawa ya yi aka kira mazan da ke gona, suka shigo da laka a ƙafa, suka yi mata addu'a, suka zauna tare da shi har ya sami ƙarfin tashi.

Abinci ne kawai bai taɓa ci ba. Kuma ba raini ba ne, tarbiyya ce.

A Damanhur gayyata iri biyu ce, kuma ɗan gida yana bambance su kafin ya iya ɗaure takalmi. Akwai ta baki, wadda kowa ke yi wa kowa: mai cin rabin burodi a bakin titi yakan ce bismilla ga motar da ke wucewa da gudu. Wannan ba a amsa ta, albarka ake sa mata a wuce. Akwai kuma ta gaskiya, ita kuwa ba ta ɓuya. Mai gida zai ɗaga murya, ya riƙe maka hannun riga, ya rantse da Allah, ya rantse da aurensa, wani ma ya ɓoye maka takalmi. Ko a nan sai ka ƙi sau biyu, ka kawo uzuri, a rushe uzurin, sannan ka zauna kamar wanda aka kama. Mahaifiyar Fikri ta koya masa wannan da mintsini. Ta ce yaron da ya amsa a kiran farko shela yake yi cewa ba a ɗora tukunya a gidansu.

Da wannan ilimi ya iso Ruwaiha. A zuwansa na biyu, yana shirin tashi, Khalfan ya ce wata mai zuwa a nan zai ci abincin rana. Sau ɗaya ya faɗa, a hankali, idonsa a kan butar gahawa. Fikri ya gane irin gayyatar nan take. Ya dafa ƙirji ya zuba albarka: Allah ya raya gida, Allah ya ƙara buɗi, Allah ya sa a ci a bikin 'ya'ya. Wata ya zagayo, ya zo da hantsi, ya duba ma'auni, ya sha gahawa, ƙarfe goma sha ɗaya ya miƙe. Khalfan ya ce abinci ya kusa. Fikri ya sake dafa ƙirji ya ce rijiya biyu na jiransa a gaba. Ya lura zauren ya cika da maza ranar, har da wasu da bai sani ba, ya ce a ransa mutanen ƙauyen nan ba su da aikin yi.

Haka aka sake yi, aka kuma sakewa. Da ya ga gayyatar ta ƙi ƙarewa sai ya ɗauko uzurin da ya fi kowane ladabi a garinsu, ya ce gyambon ciki gare shi, likita ya hana shi nama da mai. A Damanhur rabin gari na da wannan gyambon, kuma ba a taɓa samun wanda ya yarda da shi ba. Khalfan ya dube shi na ɗan lokaci ya ce Allah ya sawwaƙe. Tun daga shekarar, duk kaka sai ya ba shi kwalbar zumar dutse ya ce cokali ɗaya da asuba kafin a ci komai. Fikri yakan kai wa Ni'imat, ita kuma ta raba wa 'yan'uwanta.

To, bayan maganar Gamil, Fikri ya yanke shawara. A zagayen ƙarshe, da zarar Baffa Khalfan ya ce ya tsaya, zai ce to. Kiran farko, ba uzuri, ba dafa ƙirji. Har gwadawa ya yi a ɗakinsa, ya ji kalmar tana yi masa nauyi a baki kamar zagi. Rijiyoyi biyun da ke bayan Ruwaiha ya auna su tun ana gobe. Da safe bai karya ba. Ya sa farar rigar da ya ajiye don liyafa, ya tsaya a Nizwa ya sayi babban kwanon alewa. A hanya ya yi ƙoƙarin tuna yadda Khalfan ya faɗi gayyatar a watan jiya, ya kasa. Ya gwada watan da ya gabace shi, nan ma babu. Bai damu ba, don abin da mutum ke ji kullum ba ya zama a kunne.

A zaure ya tarar da Khalfan da ƙanensa Sulayyim. Shi Sulayyim tsohon ɗan sanda ne, ya yi aiki a Abu Dhabi shekara ashirin, ya dawo da fansho da baki. Tun ranar farko yake kiran Fikri jikan Fir'auna, Fikri kuma na ce masa Saja.

"Yau kuma farar riga? Jikan Fir'auna, aure za ka ƙara, ko ruwan ne ya ƙaru?"

Aka yi gaisuwa yadda ake yi, aka ci dabino, aka ce babu labari. Sai a finjali na biyu Fikri ya gaya musu cewa wannan ne zuwansa na ƙarshe. Khalfan ya daɗe yana juya finjalinsa a tafin hannu, sannan ya tambayi wa zai riƙa gaya musu ruwa ya ragu. Sulayyim ya ce lallai an shiga uku, tunda Allah bai ba mutanen Ruwaiha idanu ba. Ba wanda ya yi dariya, shi ma ya miƙa hannu ya ɗauki dabino.

Wajen sha ɗaya saura aka leƙo aka ce lokacin juya ruwa zuwa gonakin ƙasa ya yi. Khalfan ya ɗauki sandarsa ya fita, ya ce yanzu zai dawo. Sulayyim ya dubi Fikri, ya dubi agogon bango, ya sake dubansa. Mutumin da shekara da shekaru ke fara lalubar makullin mota tun sha ɗaya saura kwata, ga shi yau ya jingina da matashi ya miƙe ƙafa.

"Agogonka ya mutu ne?"

Fikri ya yi murmushi irin na mai shirin ba da kyauta. Ya ce yau a nan zai ci abincin rana.

"Wa ya gayyace ka?"

"Ai kullum Baffa Khalfan yana cewa..."

"Kullum? Rabon Yaya da ya ce maka ka tsaya tun kafin a kawo kwalta garin nan."

Kwalta ta zo Ruwaiha shekara ashirin da biyu da suka wuce. Fikri ya san haka, don shi ne ya fi kowa murna da ita.

Sulayyim ya gyara zama ya ba shi labarin, ba gaggawa, kamar mai karanta rahoto. Wancan watan na farko, taure aka yanka, wanda ake kiwo don Babbar Salla. Yaya ya gayyaci liman da dattawa, har da na ƙauyen da ke hayin kwari, ya ce injiniyan Masar zai ci abinci a gidansa. Zuwaina, matar Yaya, tun asuba take kan murhu. An riga an kawo ruwan wanke hannu lokacin da aka ji ƙarar mota tana gangarawa. Aka ci naman, don ba a zubar da nama, amma ba a ji muryar kowa ba sai ta cokalin zuba romo. Yaya ya ce aiki ne ya yi wa baƙo yawa, ya sake yanka wata akuya a wata na gaba. Da ta uku ta bi sahu, gari ya samu abin taunawa. Wasu suka ce Bamisire ba zai sa hannu a faranti ɗaya da mutanen dutse ba. Wasu suka ce a'a, labarin girkin Zuwaina ne ya kai har Alƙahira. Wannan ta biyun ta koma kunnenta, kuma har ta rasu, shekara huɗu ke nan, idan ta ji motar kamfani sai ta shige ɗaki.

Fikri ya ce bai sani ba. Wallahi bai sani ba. Ya ce Baffa bai riƙe shi ba, bai matsa ba, ko rantsuwa bai yi ba.

"Ya rantse don me? Ƙarya ya taɓa yi maka?"

"Sau ɗaya yake faɗa, Saja. A hankali."

"Sau nawa ake faɗa a garinku?"

"Ko ba komai, uku."

"To ai uku ya yanka."

Daga nan Sulayyim ya zo kan gyambon. Ranar da Fikri ya faɗi ciwonsa, Yaya kamar an sauke masa buhu daga ka. Bayan sallar Juma'a ya tsaya a ƙofar masallaci, mutumin da ba a jin muryarsa daga taku biyar, ya gaya wa maza cewa sun ci naman mara lafiya da gulma, su nemi gafarar Allah. Wani ɗan baffansu ya ce shi dai bai ga alamar ciwo a jikin mutumin ba, kumatunsa ma ƙaruwa suke. Shekara biyu Yaya bai shiga gidansa ba. Zumar nan kuma, da kansa yake hawa dutse wurin masu ɗibanta, sai da gwiwa ta hana shi ya fara aikawa.

"Ni kuwa na gan ka a Nizwa," in ji Sulayyim. "Shekarar da aka yi ambaliya. Gidan abincin 'yan Pakistan na bayan kasuwar awaki. Hannunka har wuyan hannu cikin shinkafa da naman rago, kana kiran a ƙaro romo. Na tsaya a taga na ce, Allah mai iko, ga gyambo yana cin abinci."

Fikri ya tambaye shi ko ya gaya wa Khalfan. Sulayyim ya ce shi ɗan sanda ne, ba mahaukaci ba. Ya kuma ce idan jikan Fir'auna yana tunanin ya wanke zuciyarsa yau kafin ya hau jirgi, to ya nemi wani wurin wanki. Shi zai tafi Masar da sauƙin rai, su za a bari da dattijon da ya tsaya a ƙofar masallaci ya yi wa gari faɗa a kan ƙarya.

Aka ji sandar Khalfan a dakali. Ya shigo ƙafafunsa jiƙe, ya zauna da ƙyar, ya taɓa butar gahawa ya ji ta huce, ya ce a sake wata. Daga cikin gida ƙamshi ya fara shigowa, shinkafa da man shanu da busasshen lemun tsami. Surukarsa ce ke girki yanzu. Cikin Fikri, wanda bai ga komai ba tun jiya sai dabino biyar, ya yi ƙara har Sulayyim ya ɗaga gira.

Fikri ya ce, "Baffa, yau ba ni da wata rijiya a gaba."

Khalfan ya ce madalla, sai ya isa Maskat da sauran rana, ya samu ya dafa ɗan abin da likita ya yarda masa a kan lokaci.

Fikri ya sake gwadawa ta wata ƙofa. Ya ce ai cikin nan ya yi sauƙi sosai, kusan ma ya ce ya warke.

Fuskar dattijon ta washe, abin da ba a cika gani ba. "Ka ji ko, Sulayyim? Ban ce maka zumar dutse ba ta ƙarya ba?" Ya juyo wajen Fikri. "To kada ka ɓata shi yanzu, Baban Tamir, ana saura kwana kaɗan ka hau jirgi. Abincinmu mai ne da yaji. Lafiyayye ma sai ya kwanta bayan ya ci."

"Gaskiya ne, Yaya," in ji Sulayyim, idonsa a kan rufin zaure. "Mai irin cikinsa ko ƙamshin bai kamata ya shaƙa ba."

Abin da ya rage wa Fikri ya faɗa gajere ne: ina so in ci. Ko shinkafa ce zalla, ko loma biyu. Ba sai ya tona komai ba. Ya buɗe baki. Amma shekara sittin bai taɓa roƙon abinci a gidan wani ba, kuma harshe ba ya koyon sabon aiki a zama ɗaya. Abin da ya fito shi ne Allah ya raya gida, Allah ya ƙara buɗi. Hannunsa ma ya je ƙirji da kansa. Daga baya, a Damanhur, yakan gaya wa kansa cewa tausayin dattijon ne ya rufe masa baki. Wasu ranakun yakan yarda da hakan.

Khalfan bai bari azahar ta same shi a zaure ba. Ashe haka yake yi duk shekarun nan, yana sallamarsa kafin a fito da faranti don kada mara lafiya ya zauna kallon masu ci, Fikri kuwa yana ɗauka shi ne ke zamewa da dabara. Ya shiga ciki ya fito da kwalba biyu naɗe a tsumma, ya ce ta bana da ta baɗi, bayan nan sai Allah ya haɗa shi da zumar Masar. Kwanon alewar Nizwa kuma ya karɓa ya ce za a raba wa maƙwabta, su san Injiniya ya yi bankwana.

Suka rako shi har bakin mota, Khalfan a gaba da sanda, Sulayyim a baya riƙe da kwalaben. Ruwa na gudu a falaj ta gefensu, ya yi ƙasa da alamar bara da yatsa biyu. Fikri ya buɗe ƙofa, ya juyo.

"Baffa Khalfan, sai ka zo Masar. Gidana gidanka ne, wallahi. Ka zo ka yi wata guda, Ni'imat ta dafa maka tattabaru, in kai ka ka ga teku."

Maganar ta fito ne da kanta, yadda ta sha fitowa ga direbobin tasi da masu aski da wani Ba'indiye da suka taɓa zama kujera ɗaya a jirgi. Sai da ya kai tsakiyarta ya gane cewa wannan karon da gaske yake, kuma ba shi da wasu kalmomin da zai nuna hakan da su, don waɗannan ɗin ya riga ya raba wa kowa.

Khalfan bai sa albarka ba. Ya dogara da sandarsa ya yi tunani sosai. Ya tambayi awa nawa ake yi a jirgi, aka ce huɗu. Ya tambayi ko gidan bene ne, aka ce hawa na huɗu.

"A'a, ba zan zo ba," ya ce. "Gwiwa ba za ta yarda ba, ruwan nan kuma babu mai raba shi. Na gaya maka tun yanzu don kada ka sa baiwar Allah ta yi wahala, kai ma kada ka zauna jira."

Sulayyim ya ajiye kwalaben a kujerar gaba, ya tokare su da littafin awo don kada su faɗi. Khalfan ya kama hannun Fikri, ya matso ya taɓa hancinsa da nasa kamar yadda suke yi tsakanin 'yan'uwa, ya ce ya gaida Tamir da mahaifiyarsa, ya kuma yi hankali da kwanar da ke bayan dabinai, ruwa ya ci gefenta.

Fikri ya tayar da mota ya gangara a hankali. Kafin kwanar ya dubi madubi. Babu kowa a bakin hanya. An kira salla, bayan salla kuma akwai abinci.